Zane 798 da Marayu Biyu: Labarin Mark Rothko

Ranar 25 ga Fabrairun 1970 wasu manyan akwatuna suka iso gidan adana zane-zane na Tate da ke Landan. A cikinsu akwai zane-zane, wasu tsawonsu ya haura mita huɗu, duk an shafe su da ja mai duhu da baƙi. Kyauta ce daga wani mai zane na Amurka, Mark Rothko, wanda shugaban gidan, Norman Reid, ya yi shekaru yana lallaɓa kafin ya yarda ya rabu da su. A wannan rana dai da safe, mataimakin Rothko ya buɗe ɗakin aikinsa a New York, ya tarar da shi kwance a ƙasa, rai ya yi halinsa. Shi ya kashe kansa, yana da shekara 66.

Ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya biyu, da zane 798 da bai sayar ba. Wata shida bayan haka matar, Mell, ta bi shi. Aka bar Kate mai shekara 19 da ƙanenta Christopher, yaro ƙarami da bai daɗe da shiga firamare ba. Abin da ya faru da dukiyar waɗannan marayu ya zama shari'ar da har yau ake karantar da ita a makarantun lauyoyi na Amurka. Amma ba za a gane zafin abin ba sai an san wane ne Rothko, da irin yadda yake ji da aikin hannunsa.

Yaron da ba ya jin Turanci

An haife shi ranar 25 ga Satumban 1903 a Dvinsk, wani gari da ke ƙarƙashin daular Rasha a lokacin, wanda yau ake kira Daugavpils a ƙasar Latbiya. Sunansa na asali Marcus Rothkowitz, kuma shi ne auta cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinsa, Jacob, Bayahude ne mai haɗa magunguna, mai son karatu da zancen siyasa. Zamanin kuwa ba na kwanciyar hankali ba ne ga Yahudawan Rasha: ana far musu a garuruwa, ana kwasar samarinsu aikin sojan dole. Tsoron kada a ɗauke masa manyan 'ya'yansa maza ya sa Jacob ya tsallaka Amurka a 1910, ya sauka a Portland ta jihar Oregon, inda danginsa ke sana'ar tufafi. Sannu a hankali ya janyo iyalinsa. Marcus da mahaifiyarsa da yayarsa su ne suka zo a ƙarshe, a 1913.

Daga New York zuwa Portland tafiyar kwanaki ce a jirgin ƙasa. Yaron ya yi ta da wata takarda maƙale a rigarsa, an rubuta cewa ba ya jin Turanci. Har ya tsufa wannan tafiya ba ta bar ransa ba. Watanni kaɗan da haɗuwar iyalin, a 1914, cutar daji ta kashe mahaifin. Marcus ya shiga tallan jarida a bakin titi bayan an tashi daga makaranta. Kansa yana ja ƙwarai, har ya samu tallafin karatu zuwa Jami'ar Yale a 1921. Tallafin bai wuce shekara guda ba, sai ya koma yin ƙananan ayyuka don biyan kuɗin makaranta, a tsakiyar 'ya'yan masu hannu da shuni da ke yi wa Bayahude ɗan gudun hijira kallon hadarin kaji. A 1923 ya tattara nasa ya nasa ya tafi New York ba tare da ya gama ba. Bayan shekara 46, a 1969, jami'ar da ya bari ta kira shi ta ba shi digirin girmamawa.

A New York ne wata rana ya je wurin wani abokinsa a makarantar zane ta Art Students League, ya ga ɗalibai sun duƙufa suna zana siffar mutum. Daga nan ya san abin da zai yi da rayuwarsa. Ya yi karatu a hannun Max Weber, wanda shi ma Bayahude ne daga daular Rasha, ya kuma riƙa zama wurin Milton Avery, wanda ya nuna masa yadda launi kaɗai zai iya ɗaukar nauyin hoto. Zane bai ciyar da shi ba. Daga 1929 ya kama koyar da yara zane a wata makarantar Yahudawa da ke Brooklyn, ya yi fiye da shekara 20 a wannan aiki. Hotunansa na lokacin na mutane ne sirara, kowa tsaye shi kaɗai a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba mai kallon wani. Ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1938, a 1940 kuma ya gajarta sunansa ya koma Mark Rothko, a daidai lokacin da ƙiyayyar Yahudawa ke ci kamar wutar daji a Turai.

Yadda ya bar zana mutane

Yaƙin Duniya na Biyu ya girgiza masu zane na New York. Bayan sansanonin kisa na Hitler da bam ɗin Hiroshima, da yawansu suka ga cewa zana furanni da fuskokin attajirai ya zama wasan yara. Suka shiga neman hanyar da zane zai faɗi abin da ke cikin zuciya kai tsaye, ba tare da ya kwaikwayi siffar mutum ko itace ko gida ba. Wannan salo ne aka sa wa suna Abstract Expressionism, kuma shi ya ƙwace wa birnin Paris kambun zane ya kai New York. Jackson Pollock yana shimfiɗa ƙyalle a ƙasa ya yi ta ɗiga fenti yana zagayawa. Willem de Kooning da Franz Kline suna sarar ƙyalle da burushi kamar masu faɗa. Rothko, tare da Barnett Newman da Clyfford Still, ya bi hanyar shiru.

Da farko ya gwada tatsuniyoyin Girkawa na dā, yana zana wasu halittu rabi tsuntsu rabi mutum. Daga 1946 halittun suka fara narkewa suna zama tabbunan launi. Zuwa 1949, yana da shekara 46, ya kai ga abin da duniya ta san shi da shi: dogon ƙyalle wanda ya fi mutum tsawo, a kansa fage biyu ko uku na launi masu kusurwa huɗu, ɗaya bisa ɗaya, gefunansu a dushe kamar ba su taɓa ƙasa ba.

Wanda ya ga hoton a jarida zai ce ai kowane mai fentin gida zai iya. Sai an tsaya a gabansa ake gane aikin da ke ciki. Rothko yakan fara shafe ƙyallen da ruwan gam haɗe da garin launi. Sa'an nan ya tsinka fentinsa ya yi ruwa-ruwa, wani lokaci ya haɗa da ƙwai, ya ɗauki faffaɗan burushi ya shafa siririn shafi, ya bari ya sha, ya sake wani, ya sake wani. Kamar yadda marini ke tsoma turmi a rijiyar baba ya ɗaga ya sha iska ya sake tsomawa har shuɗin ya yi zurfi, haka launin Rothko ke samun zurfinsa. Na ƙasa yana leƙowa ta cikin na sama, shi ya sa in mutum ya daɗe yana kallo sai ya ga kamar jan yana matsowa, baƙin yana ja da baya.

Yana da sharuɗɗa masu tsauri kan yadda za a kalli aikinsa. Ba ya sa wa zane firam. Ya daina ba su sunaye, sai lamba ko sunan launi. Yana so a rataye su ƙasa-ƙasa, kusa da daɓe, a rage hasken fitila, mai kallo kuma ya matso har ya rage ƙasa da rabin mita tsakaninsa da ƙyallen, yadda launin zai cika masa ido duka. Idan aka yabe shi da iya haɗa launi sai ransa ya ɓaci. Yakan ce shi ba launi ne damuwarsa ba, abin da yake nema shi ne manyan abubuwan da ke motsa ɗan Adam: masifa, da farin ciki mai tsanani, da sanin cewa mutuwa na tafe. Ya sha faɗin cewa akwai masu fashewa da kuka a gaban zanensa, kuma waɗannan su ne suka fahimce shi. A ganinsa zane abu ne mai rai, idon mai tausayi yana raya shi, idon wanda bai damu ba yana kashe shi. Saboda haka fitar da zane daga ɗakin aiki zuwa duniya kasada ce a wurinsa. A 1952 gidan adana zane na Whitney ya nemi sayen aikinsa, a lokacin da yake matuƙar buƙatar kuɗi, ya ƙi.

Kwangilar gidan abinci

A 1958 kamfanin giya na Seagram ya gama gina sabon bene a titin Park Avenue, wanda Mies van der Rohe da Philip Johnson suka tsara. A ƙasan benen za a buɗe gidan cin abinci mai suna Four Seasons, wanda ake so ya fi kowanne tsada a New York. Aka nemi Rothko ya yi zane-zanen da za a rataya a wani ɗaki na ciki, a kan dala 35,000. Ba a taɓa yi masa tayin kuɗi irin wannan ba. Ya karɓa, aka ba shi kafin alƙalami.

Ya kama hayar wani tsohon ɗakin motsa jiki a lamba 222 a titin Bowery, unguwar da a lokacin mashaya da marasa galihu ke kwana a bakin hanya. A ciki ya kafa katakai daidai da faɗi da tsawon ɗakin cin abincin, ya ɗaura igiyoyi da kura don ɗaga manyan ƙyallaye da sauke su. Ɗakin na can zane bakwai kawai zai ɗauka, amma Rothko ya yi kusan 30, yana yi yana sakewa. Rawaya da ruwan goro da aka san shi da su suka ɓace. Sai ruwan hanta, da ja kamar busasshen jini, da baƙi. Fagagen launin ma suka juye suka miƙe tsaye, suka zama kamar ƙofofi da tagogin da aka toshe.

A 1959 ya ɗauki iyalinsa suka shiga jirgin ruwa zuwa Turai don ya huta. A cikin jirgin ya haɗu da John Fischer, editan mujallar Harper's, suka zauna hira, bakinsa ya buɗe. Ya gaya masa cewa da mugun nufi ya karɓi aikin: so yake ya yi zanen da zai kashe wa duk wani hamshaƙin da ya zauna a ɗakin sha'awar abinci. Ya ce yana so su ji kamar an kulle su a wurin da aka liƙe ƙofa da taga, irin yadda mutum ke ji a zauren shiga ɗakin karatu na Laurentian da Michelangelo ya gina a Florence. Fischer bai buga wannan hira ba sai bayan rasuwar Rothko.

Da ya dawo New York an riga an buɗe gidan abincin. Ya ɗauki Mell suka je cin abincin dare. Ya zauna ya dubi takardar farashi, ya dubi mutanen da ke ciki, kowa na harkar gabansa, ana ta ƙulla ciniki da cokali a hannu. Nan ya gane cewa ya yaudari kansa. Zanensa ba zai hana kowa cin abinci ba, ado kawai zai zama a bayan kujera. Washegari ya shiga ɗakin aiki a fusace, ya gaya wa mataimakinsa Dan Rice cewa duk wanda zai ci irin wannan abinci a irin wannan farashi ba zai taɓa ɗaga ido ya kalli zanensa ba. Ya fasa kwangilar, ya mayar da kuɗin da aka ba shi, ya kai zane-zanen ma'ajiya ya rufe. Tara daga cikinsu ne suka tafi Landan bayan shekara goma, bisa sharaɗin za a ba su ɗaki nasu su kaɗai. Ya zaɓi Tate ne saboda a can ake ajiye da ayyukan J. M. W. Turner, mai zanen Ingila da yake ƙauna.

Ɗakin ibada a Houston

Wurin da yake mafarki ya samu a 1964, lokacin da John da Dominique de Menil, wasu attajirai 'yan asalin Faransa mazauna Houston ta jihar Texas, suka nemi ya cika musu ɗakin ibada da zane. A wannan karo shi aka ba wuƙa da nama, har siffar ginin mai kusurwa takwas da yadda haske zai shigo ta rufi. Takaddama kan hasken nan ta kai har Philip Johnson, wanda ya fara tsara ginin, ya janye. Rothko ya koma wani sabon ɗakin aiki a titi na 69, ya rataya lemar saukar sojan sama a ƙarƙashin tagar rufi don ya riƙa tace hasken rana yadda yake so. Ya yi kusan shekara uku yana aikin. Zane 14 aka rataya a ƙarshe, duk baƙi da shunayya mai duhu. An buɗe ɗakin a 1971, ba na wani addini guda ba, kuma har yau Kirista da Musulmi da Bayahude da wanda ba shi da addini suna shiga su zauna. Shi bai ga buɗewar ba.

Shekarunsa na ƙarshe sun yi masa nauyi. Suna ya samu, kuɗi sun zo, amma yana ganin masu saye jari kawai suke zubawa, matasan masu zane irin su Andy Warhol kuma sun ɗauke hankalin jama'a. A 1968 likitoci suka gano babbar jijiyar jinin da ke fita daga zuciyarsa ta kumbura. Aka hana shi manyan zane-zane na wani lokaci, aka ce ya bar taba da giya, bai bari ba. Ciwon damuwa ya kama shi sosai. A farkon 1969 ya bar gida ya koma kwana a ɗakin aikinsa. Ayyukansa na lokacin baƙi ne a sama, ruwan toka a ƙasa. A wannan hali ne ya yi wasiyya, ya kuma zaɓi mutum uku da ya fi amincewa da su su zama wasiyyansa.

An ba kura ajiyar nama

Na farko shi ne Bernard Reis, akanta, wanda ya daɗe yana riƙe wa Rothko da sauran masu zane lissafin kuɗi da haraji, kuma shi ya tsara wasiyyar. Na biyu Theodoros Stamos, mai zane ne shi ma, aboki na kusa, har a filin kabarin danginsa aka binne Rothko. Na uku Morton Levine, malamin jami'a. Wasiyyar ta bar wa Mell gida da wasu kuɗi, sauran dukiyar kuma, wato zane-zanen, ta tafi ga wata gidauniya mai sunan Rothko.

A ɗaya ɓangaren akwai Frank Lloyd, mai kamfanin dillancin zane na Marlborough. Haifaffen Vienna ne, ya tsere wa 'yan Nazi, ya kafa kamfanin a Landan a 1946, ya buɗe rassa a wasu ƙasashe. Ana danganta masa maganar cewa shi kuɗi yake tarawa, ba hotuna ba.

A watan Mayun 1970, wata uku kacal da rasuwar Rothko, wasiyyan uku suka sa hannu a yarjejeniya biyu da Marlborough, suka miƙa zane 798 gaba ɗaya. A ta farko sun sayar da zaɓaɓɓun zane 100 ga reshen kamfanin da ke da rajista a Liechtenstein a kan dala miliyan 1.8, wato dala 18,000 kowanne. Ko wannan ma ba a hannu ba: dala 200,000 aka biya nan take, sauran kuma za a riƙa biya cikin shekara 12 ba tare da ƙarin ko kwabo ba. A ta biyu sun damƙa wa kamfanin sauran 698 ya sayar, ya ɗauki la'ada har rabin kuɗin. Ba su nemi wani masani mai zaman kansa ya yi wa kayan ƙima ba.

Abin da ba a fito da shi fili ba shi ne, Reis yana da kujerar darakta da muƙami a reshen Marlborough na New York. Wato hannu ɗaya yana sayarwa a madadin marayu, ɗayan yana cikin aljihun mai saye. Stamos kuwa, wanda kasuwar zanensa ta ja baya, bai daɗe ba ya samu kwangila da kamfanin. Levine ya san halin da abokan aikinsa ke ciki, ya kawar da kai ya sa hannu. Marlborough ta fara sayar da kayan, wasu ga kamfanonin da ke da alaƙa da ita, daga nan su wuce ga masu saye na gaskiya a farashi ninkin ba ninkin. Mutumin da ya mayar da dubban daloli don kada a rataya aikinsa inda ba za a mutunta shi ba, ga shi an kwashe aikin rayuwarsa a sari.

Kate ta shiga kotu

Kate ɗaliba ce a lokacin, ba ta san komai a harkar kasuwar zane ba. Abin da ta lura da shi shi ne, duk lokacin da ta nemi a nuna mata takardu sai a yi ta yi mata hanya-hanya, kuma ita da ƙanenta ba su da ko zane ɗaya na mahaifinsu. Wani abokin mahaifin, Herbert Ferber, mai sassaƙa kuma likitan haƙori, shi ya tsaya mata a matsayin waliyyi, tun da a dokar lokacin ba ta kai shekarun shigar da ƙara da kanta ba. Dokar jihar New York ta wancan zamani ta ba 'ya'ya damar ƙalubalantar wasiyyar da ta ba da fiye da rabin dukiya sadaka, saboda haka rabin gadon ya zama haƙƙinsu. A watan Nuwamban 1971, tana da shekara 20, aka shigar da ƙara a kotun gado ta Manhattan, ana neman a tsige wasiyyan, a soke yarjejeniyar. Lauyanta shi ne Edward Ross. Ofishin babban lauyan jihar ma ya shigo, ta hannun Gustave Harrow, don kare rabon da aka yi wa jama'a wasiyya da shi.

Mutane da yawa a duniyar zane suka ja baya da ita. Lloyd yana da ƙarfi, rayuwar masu zane da yawa na hannunsa, Reis kuma dattijo ne da ake ganin girmansa. Yarinyar ba ta janye ba, tana karatu tana zuwa kotu.

Alƙali Millard Midonick ya ba da umarnin a dakatar da sayar da zane-zanen har a gama shari'a. Marlborough ta ci gaba da sayarwa a ɓoye, ta ce cinikin tun kafin umarnin aka yi shi. Aka fara sauraron shaidu a watan Fabrairun 1974, aka yi wata takwas ana fafatawa. Da aka kawo kundin da kamfanin ke rubuta shige da ficen kaya, sai aka ga alamun an taɓa shi, an sauya wasu bayanai. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

A watan Disamban 1975 alƙali ya yanke hukunci. Ya tsige wasiyyan uku. Ya soke yarjejeniyar biyu. Ya umarci a dawo da zane 658 da ba a riga an sayar ba. Ya ɗora wa wasiyyan da kamfanin diyya da tara ta fiye da dala miliyan 9, ciki har da dala miliyan 3.3 a kan Lloyd da kamfaninsa saboda raina umarnin kotu. Muhimmin abin da ya sa lauyoyi ke karanta shari'ar har yau shi ne yadda aka ƙirga diyyar. Alƙali ya ce tun da Reis da Stamos sun fifita amfanin kansu a kan amanar da aka ba su, ba farashin ranar da suka sayar za su biya ba, sai darajar da zane-zanen suka kai a lokacin shari'a. Levine ma bai tsira ba, ko da yake ba a same shi da cin wata riba ba. Kotu ta ce wanda ya ga ana cin amana ya yi shiru ya sa hannu, shi ma yana da nasa kason laifi. Aka ɗaukaka ƙara, a 1977 babbar kotun jihar New York ta tabbatar da hukuncin.

Ƙarshen kowa ya zo daidai da aikinsa. Reis ya karye, ya mutu a 1978. Stamos ya miƙa gidansa don biyan nasa kaso, sunansa kuma bai sake farfaɗowa a kasuwar New York ba, ya ƙarasa yawancin rayuwarsa a Girka. Lloyd, wanda aka tuhuma da sauya takardun shaida, ya yi shekaru bai taka Amurka ba. Da ya dawo aka same shi da laifi, a 1983 kuma alƙali ya yanke masa hukuncin kafa asusun tallafin karatu da shirya wa ɗaliban makarantu darussan zane, maimakon ɗauri.

Inda zane-zanen suke yau

Kotu ta naɗa Kate mai kula da gadon mahaifinta. Ta gama karatun likita a Jami'ar Johns Hopkins, ta zama likita. Aka raba zane-zanen tsakanin 'ya'yan da gidauniyar, wadda aka sake wa shugabanni. A tsakiyar shekarun 1980 gidauniyar ta rarraba nata kason kyauta ga gidajen adana zane a Amurka da wasu ƙasashe, kaso mafi tsoka ya tafi gidan zane na ƙasa da ke Washington. Zane-zanen Seagram yanzu suna Landan da Washington da Japan, wasu kuma a hannun iyalin. A 2013 aka buɗe cibiya mai sunansa a Daugavpils, garin da ya bari yana yaro, 'ya'yansa suka ba da aron wasu ayyukansa na asali aka rataya a can.

Wanda ke son ya san girman abin da aka so a yi wa marayun nan, ya dubi lissafi ɗaya. A watan Mayun 2012 aka yi gwanjon wani zanen Rothko na 1961 mai suna Orange, Red, Yellow a kamfanin Christie's na New York, ya tashi a kan dala miliyan 86.9. Zane ɗaya ke nan, ya ninka kuɗin da aka sayar da guda 100 kusan sau 48.

Rothko ya san yadda ake kare zane daga hasken fitila mai yawa da idon wanda bai damu ba, amma bai san yadda ake zaɓen wasiyyi ba. Ya ɗauka abota ta isa. Duk mai dukiya, ko gona ce ko shago ko littattafai, ya rubuta wasiyyarsa da lafiyarsa, ya sanar da iyalinsa abin da ke ciki, kuma kada ya damƙa amanar 'ya'yansa ga mutumin da ke cin abinci a hannun mai son sayen kayan.